Suna ɗaya, kwali ɗaya, ciki daban: takardar da ke ɓoye cikin salula da akwatin wifi

 

Abin da ya kawo maganar yau wani kira ne da muka samu a shirinmu na rediyo, lokacin da muke buɗe layi ga masu saurare. Wata hajiya ce mai sayar da atamfa da turaren wuta a babbar kasuwar Maraɗi. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce: "Ƴaƴana, ku da kuka yi lakkal ku gaya mini, ta yaya waya za ta kasance da rai amma ba ta ji ba ta magana?"

Ga yadda abin ya faru. Salularta ce ta fara nauyi, tana daskarewa duk lokacin da ta buɗe hotunan kaya. Ta kai ta wurin wani yaro mai gyara a bakin kasuwa, ya duba ya ce sai an yi mata filashi, watau a goge manhajar da ke ciki a zuba wata. Ta biya jika 2 ta koma rumfarta. Da la'asar aka kawo mata waya ta kunnu, fuska tas, har ta fi da sauri. Amma wifi ya ƙi tashi, ko ta danna sai ya koma ya mutu, pus ɗinta guda biyu kuma babu wanda ke kama rezo. Kwana 4 abokan cinikinta na Yamai da Agadas suna aiko saƙo ta WhatsApp babu amsa, har wata mai shirin aurar da ɗiya ta gaji da jira ta sayi turmi 12 a hannun wata. Shi kuwa yaro sai rantsuwa yake yi cewa manhajar da ya zuba ta wannan waya ce, suna ɗaya, lamba ɗaya. Sai da dattawan layi suka shiga tsakani.

Bayan mun rufe shiri wani alhaji ya kira mu daga Damagaram da irin nasa kukan. Shi akwatunan wifi yake sarowa, yana sayar wa matasan nan masu sana'ar tikitin wifi a unguwanni. Zubin farko yaronsa ya sa musu wata manhaja suka yi aiki lafiya. Da zubi na biyu ya iso, suna ɗaya, kwali ɗaya, yaro ya zuba musu wannan manhaja dai. Fitilu suka kama, amma duk kabul ɗin da aka cusa shiru kake ji.

Wannan ya sa muka zagaya wurin manyan masu gyara, muka zauna da wani malamin kwamfuta, muka kuma karanta abin da ya sawwaƙa. Abin da muka gano shi ne, hajiya gaskiya ta faɗa, yaron ma bai yi ƙarya ba. Matsalar tana cikin wata ƴar takarda da ke ɓoye a cikin na'ura, wadda mai saye da mai sayarwa ba su taɓa gani ba.

Sarkin tasha da ba ya ganin fili

Kowace salula ta zamani, kowane akwatin wifi, kowane akwatin telebijin mai kama intanet, ƙaramar kwamfuta ce. A can ƙasan manhajarta akwai wani jigo da masana ke kira kanel, Faransawa kuma su ce masa ƙwallon ciki, kamar na goruba. Shi ne ke tsakanin abin da kike dannawa da yatsa da ainihin sassan da ke cikin waya. In kin aika hoton atamfa, WhatsApp ba ya taɓa eriya da kansa, kanel yake miƙa wa.

Kanel ɗin da ya fi yawa a hannunmu sunansa Linux. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991, yana ɗan shekara 21, ya sake shi kyauta, mutane daga ko'ina suka shiga aikin tare da shi. A kansa aka gina Android, wanda wayarsa ta farko ta fito kasuwa a 2008. Saboda haka duk mai riƙe da Tecno, itel, Infinix ko Samsung mai Android, Linux ne ke aiki a aljihunsa ko bai taɓa jin sunan ba. Akwatunan wifi da yawa, har da na MikroTik da masu sayar da tikiti ke so, su ma a kansa suke.

Don mu fahimci aikinsa, mu ɗauke shi kamar sarkin tasha. Yana da direbobi dubbai a ƙarƙashinsa, kowane da irin motar da ya iya. Abin mamaki su ma masanan direba suke kiran ƴar manhajar da ke tuƙa kowane sashe: akwai direban fuska, direban kyamara, direban lasifika, direban wifi. To amma wannan sarkin tasha yana zaune ne a ɗaki marar taga. Ba ya ganin fili, bai san wace mota ce ke tsaye a wane gurbi ba.

Wasu motocin suna da ladabi, in sun shigo sukan yi sallama su faɗi sunansu. Haka kile ɗin USB yake: kana cusa shi zai sanar da wanda ya ƙera shi da irinsa, nan take kanel ya tura masa direba. Amma ƴan baƙaƙen sassan nan da aka liƙe da dalma a jikin allon waya, waɗanda masu gyara ke kira aisi, galibinsu bebaye ne, ba sa sallama. In ba a gaya wa kanel suna nan ba, har abada ba zai neme su ba. Baƙo dai makaho ne ko da idonsa.

Shi ya sa duk wanda ya ƙera allo sai ya rubuta wa kanel takarda. Da Ingilishi sunanta Device Tree, watau bishiyar sassan na'ura, domin an tsara ta ne kamar bishiyar dangi: allo shi ne kaka, manyan hanyoyin da ke jikinsa su ne ƴaƴa, sassan da ke rataye da kowace hanya su ne jikoki.

Abin da takardar ta ƙunsa

Injiniya yana rubuta ta da haruffan da mutum ke iya karantawa, a wani fayil da ake kira DTS. Wata ƴar manhaja mai suna dtc ta matse shi ya koma DTB, wanda na'ura kaɗai ke ganewa. Duk lokacin da aka kunna waya, kafin ma tambarin kamfani ya gushe daga fuska, manhajar tada na'ura ta riga ta ɗauko wannan DTB ta miƙa wa kanel, shi kuma ya karanta ya rarraba direbobinsa.

Kowane sashe yana da layukansa a ciki, guda huɗu ne suka fi muhimmanci. Na farko sunansa compatible, shi ke faɗin kamfanin da ya yi sashen da irinsa, da shi kanel ke zaɓen direba. Na biyu reg, shi ne lambar gurbin da sashen yake zaune. Na uku interrupts, shi ne igiyar ƙararrawar da sashen zai ja in yana neman kanel, misali in saƙo ya shigo. Na huɗu status, wanda ke cewa ko a yi aiki da sashen ko a ƙyale shi. Bayan waɗannan akwai layukan da ke faɗin inda sashen ke shan wuta, da ƙarfin wutar, da wayar da ake taɓawa a tashe shi daga barci.

Yanzu ku duba abin da zai faru in aka ba sarkin tasha takardar wata tasha. Takarda ta ce tirela ce a gurbi na uku, alhali bas ce a wurin. Zai tura direban tirela, ya je ya murɗa makulli ta ƙi tashi, ya dawo ya zauna. Sauran motocin da takardun biyu suka yi daidai a kansu za su tashi lafiya. Shi ya sa waya kan kunnu, fuska ta yi haske, kiɗa ya fito, amma wifi ko kyamara ko taɓin fuska ya mutu. Ba abin da ya ƙone. Sashen yana nan da ransa, kanel ne kawai bai san hanyar gidansa ba.

Yadda aka zo nan

Mai karatu zai ce, to ai kwamfutar ofis faifan Windows ɗaya ake zuba wa iri-iri su tashi. Haka ne, kuma nan ne masu gyara da yawa ke ruɗewa, musamman waɗanda suka fara koyo da kwamfuta. Ita kwamfutar ofis sassanta da yawa masu sallama ne, sauran kuma bayaninsu yana ajiye a jikin allon kansa, bisa wani tsari mai suna ACPI da aka fito da shi a 1996. Ko an goge Windows, bayanin yana nan.

Salula da akwatin wifi ba haka suke ba. Ƙwaƙwalwar yawancin wayoyi zanen wani kamfani ne na garin Kambirij a Ingila mai suna ARM. Shi zane yake sayarwa, kamfanoni irin su MediaTek na Taiwan, Qualcomm na Amurka da Unisoc na ƙasar Sin su saya su ƙera aisi, sa'annan masu haɗa waya su saye aisin kowa ya jera allonsa yadda ya ga dama. A da can, kowane allo sai an rubuta bayaninsa a cikin jikin kanel ɗin kansa. Alluna suka yi ta ƙaruwa, rubutu ya yi ta tulawa, har a watan Maris na 2011 Linus Torvalds ya fito fili ya yi wa masu aikin ARM faɗa a kan wannan hargitsi.

Maganin da suka ɗauko tsohon abu ne. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya daɗe yana bayyana sassan kwamfutocinsa da tsarin bishiya, an ma mai da shi ƙa'ida a 1994, kamfanin Apple kuma ya yi aiki da shi a kwamfutocinsa na wancan zamani. Masu Linux sun fara amfani da shi wajen 2005 a wasu na'urori masu ƙwaƙwalwar PowerPC. A 2011 aka shigo da shi ɓangaren ARM, daga 2012 kuma ya zama dole ga duk sabuwar ƙwaƙwalwar ARM da ke son shiga Linux. Da haka aka raba kanel da takarda: kanel ɗaya zai iya yi wa alluna da yawa aiki, amma kowane allo da tasa takardar. A ma'ajiyar Linux akwai irin waɗannan takardu dubbai. Daga 2019 aka fara auna su da wata manhaja da ke duba ko an rubuta kowane layi bisa ƙa'ida, kamar yadda ake duba tiyar mai awo. Sai dai awon yana kama kuskuren rubutu ne kawai. Ba zai hana mutum a bakin kasuwa ya zuba takardar wani allo a cikin wani ba.

Ƙofar da intanet ke shigowa

Mu koma kan akwatunan alhajin Damagaram, domin a ɓangaren sadarwa ne takardar nan ta fi tsauri. Kafar nan da ake cusa kabul a bayan akwati, ma'aikata biyu ne ke tsaron ta. Na farko yana cikin babban aisi, ana kiransa MAC, shi ke ɗaure saƙo ƙulli-ƙulli ya rubuta wa kowane adireshi. Na biyu ana kiransa PHY, sau da yawa wani aisi ne daban kusa da kafar, shi ke mai da ƙullin ya zama motsin wuta a cikin kabul. Kamar mai kanti ne da ɗan dako: ɗaya ya ɗaure kaya, ɗaya ya ɗauka ya fita da su.

Kanel yana magana da ɗan dakon nan ta wasu siraran wayoyi biyu da ake kira MDIO. A kan wannan hanya akwai gurbi 32, daga 0 zuwa 31, kuma mai ƙera allo ne ke zaɓen gurbin da PHY zai zauna. In takarda ta ce yana gurbi na 1 alhali a sabon allo an mai da shi na 4, kanel zai yi ta sallama a ƙofar kango. In kuwa kamfani ya canza aisin gaba ɗaya, sai direba da mota su saɓa.

Akwai kuma layin da ake kira phy-mode, wanda ke faɗin irin yaren da MAC da PHY za su yi da juna. A akwatuna masu saurin gigabit, yaren da aka fi amfani da shi sunansa RGMII. A cikinsa dole a sa ɗan jinkiri na wajen kashi 2 cikin miliyar na sakan ɗaya tsakanin saƙo da bugun agogon da ke raka shi. Wani allon da tsawon zanen wayarsa ake samar da jinkirin, wani kuma aisi ne ke sa shi, takarda ce ke faɗin wanda ke da alhakin. In ta yi kuskure, ko a rasa jinkirin ko a ninka shi. Sakamakon shi ne abin da ke haukata masu wifi: fitilar kafa tana kamawa, alamar an haɗu, amma saƙo ba ya wucewa, ko ya wuce yana yankewa. Sai a zagi kamfanin sadarwa, a canza kabul sau uku, alhali laifin haruffa biyu ne ko uku a cikin wani layi.

Lambobin da ba a son su ɓata

Ku juya akwatin wifi ku dubi takardar da ke manne a ƙasansa. Za ku ga wata lamba mai haruffa da alƙaluma 12, sau da yawa an raba su biyu-biyu. Ita ce adireshin MAC, sunan yankan na'urar a cikin rezo. Yawanci rabin farko lambar kamfani ce da ya yi rajista wurin ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, rabi na biyu kuma na wannan na'ura ce ita kaɗai. Ana ajiye ta a wani lungu na ma'ajiyar akwatin, kuma a akwatuna da yawa takardar bishiya ce ke nuna wa kanel lungun. Tare da ita akwai awon ƙarfin eriya da aka yi wa kowane akwati a masana'anta.

In kanel ya je lungun bai tarar da lamba ba, direbobi da yawa sukan ƙago wata da ka, kuma duk kunnawa sai sabuwa. Ga mu da wutar kuran ke ɗaukewa sau da yawa a yini, wannan ba ƙaramar fitina ba ce: duk dawowar wuta na'urar za ta shigo rezo kamar baƙuwa, duk abin da aka ɗaura wa tsohuwar lambar ya warware. In kuma mai gyara ya kwafe cikin akwati ɗaya ɗungurungum ya zuba wa goma, duka goman sun zama masu suna ɗaya. Ranar da biyu suka haɗu a rezo guda, saƙon wannan ya riƙa faɗawa wurin wancan. Kada dai a haɗa wannan da abin da wayoyi ke yi da gangan: tun daga Android 10 na 2019, waya kan nuna wa kowane wifi wata lamba ta aro don kare sirrin mai ita. Wannan tsari ne, ba lalacewa ba.

A salula akwai wata lambar da ta fi wannan tsada, ita ce IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa in an danna *#06#. Ita ba a cikin takardar bishiya take ba, tana wani ɗaki daban na ma'ajiya tare da awon eriya, wanda a wayoyi masu aisin MediaTek ake kira NVRAM. Manhajar da masu gyara ke yi wa irin waɗannan wayoyi filashi da ita, SP Flash Tool, tana da zaɓi uku. Ɗaya daga cikinsu, wanda ke share komai kafin ya zuba sabo, yana tafiya har da wannan ɗaki. Daga nan sai waya ta ce IMEI ba daidai ba, pus ya ƙi kama rezo, wani lokaci kuma a jerin sunayen wifi a ga wani baƙon suna da ya fara da NVRAM WARNING. Duk wanda ya ga wannan a wayar da aka kawo masa saye, ya san mai yiwuwa an taɓa share ta.

Kama da wane ba ta wane

Me ya sa kamfani zai bar suna ɗaya ya canza ciki? Dalilin irin namu ne na kasuwa. Aisin da ake saye bara ya yi tsada ko ya ƙare, an samu wani mai sauƙi, suna kuwa ya riga ya karɓu wurin masu saye. Sai a canza allo a bar kwali. Kamfanonin kirki ba sa ɓoyewa, sukan rubuta lambar zubi. Misali akwatin TP-Link mai suna TL-WR841N ya fito a zubi fiye da 10, na farkon da aisin Atheros, wasu na baya da na MediaTek. A ƙasan kowane akwai inda aka rubuta Ver da lamba, kamfanin da kansa kuma yana gargaɗin cewa zuba manhajar wani zubi a wani na iya lalata akwati. Masu OpenWrt, wata manhajar akwatin wifi ta kyauta da aka fara a 2004, su ma zubi-zubi suke jera akwatuna, kowane da fayil ɗinsa.

Inda abin ya fi muni shi ne kayan da ba su da uba, irin akwatunan telebijin na Android masu araha. Roba ɗaya, suna ɗaya, amma in an buɗe wani aisin Amlogic ne, wani Rockchip, wani Allwinner, aisin wifi ma kowane da nasa. Irin waɗannan in manhajarsu ta lalace, samun wadda ta dace sai an sha wuya. Araha dai ba ta ado.

Ita hajiyarmu Allah ya taimake ta. Wani dattijon mai gyara ya buɗe wayar ya karanta lambar da ke jikin allo, ya ga ashe samfurin zubi biyu ne, yaron na ɗayan ya zuba, ya kuma share komai kafin ya zuba. Ya nemo manhajar da ta dace, wifi ya tashi. Ya tambaye ta: "Hajiya, kwalin wayar yana nan?" Ta ce yana ƙarƙashin gado, da shi take ajiye rasit na adashi. Daga jikin kwalin ya karanta IMEI ɗinta ta asali ya mayar mata. Kuɗin gyara biyu ta biya, cinikin turmi 12 kuwa ya tafi. Alhajin Damagaram shi ma da aka juya akwatunansa, sai ga lambar zubi daban da ta farko. Waɗanda aka iya cetowa an ceto, guda 3 sun zama na ajiye takarda kada iska ta kwashe.

Abin da muke ba da shawara

Ga masu saro kaya, ko daga Kano kuke ɗaukowa, ko Lome, ko Dubai, ko Guwanzu: sunan samfuri kaɗai bai isa ba. Ku sa a rubuta muku lambar zubi a takardar ciniki. In kaya sun iso ku buɗe kwali daga sama, daga tsaka, daga ƙasa, ku duba ko lambar ɗaya ce. In zubi biyu ne a raba su a kanta, a gaya wa yaran kanti. A gwada sabuwar manhaja a kan guda ɗaya tak, a cusa kabul a kowace kafa, a kashe a kunna sau biyu ko uku a ga ko adireshin MAC yana nan yadda yake a takardar ƙasa, kafin a taɓa sauran.

Ga iyayenmu mata da ƴan uwa masu ciniki da waya: kada ku yar da kwali. Ku danna *#06# yau ɗin nan, ku sa a rubuta lambar a littafin bashi. In waya ta yi nauyi, a fara da rage hotuna da bidiyo, in ta ƙi a mai da ita yadda ta fito daga kamfani ta cikin saitinta, bayan an kwashe lambobin mutane da hotuna. Wannan ba ya taɓa takardar bishiya, ba ya taɓa IMEI. Filashi shi ne magani na ƙarshe. In ya zama dole, ku yi wa mai gyara tambaya uku: ka duba lambar zubin da ke cikin wayar, ko sunan baya kawai ka karanta? Za ka kwafe abin da ke ciki ka ajiye kafin ka goge? In wifi ko rezo ya mutu bayan aikinka, wa zai ɗauki asara? Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Kuma kada ku bar rumfarsa sai kun kira wani, kun kunna wifi, kun ɗauki hoto, kun sake duba IMEI.

Ga masu sayen waya ta hannu: lambar da waya ta nuna ta yi daidai da ta jikin kwali. In sun saɓa, ko aka ce muku an canza mata lamba, ku bar ta, kada araha ta kai ku ofishin ƴan sanda.

Ga ƙannenmu masu gyara kuwa, ba mu zo don mu ɓata muku sana'a ba. Mun san yawancinku da kanku kuka koya, da kallon bidiyo da tsayawa bayan maigida, kuma kuna rufa wa mutane asiri ƙwarai. Amma wayar da ke hannunku jarin wata ce, a ciki take karɓar oda, a ciki ake sanar da ita an turo kuɗi. Minti 10 na kwafe NVRAM da karanta lambar allo sun fi kwana 4 na rantse-rantse. Muna kuma kira ga cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin masu gyara na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai da su sa wannan darasi cikin abin da ake koya wa yara tun farko.

Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan matsala, ko mai gyaran da ke da ƙarin bayani, ƙofarmu a buɗe take, a rubuto wa jarida ko a kira mu a shiri. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.